Majigin da Na Kulle a Kabad

Funtua,
ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kai ki Musawa lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan aiki na ƙwarai. Na cusa ta cikin jakar littattafanki ne don kada ki gan ta sai kin isa. Da baki na so in yi miki maganar, amma mahaifiyarki ta ce in na fara a yadda raina yake har maƙwabta sai sun ji, kuma ba a sallamar ɗiya da faɗa. Ta yi gaskiya. To, ga faɗan a rubuce.

Akwai wani ruɗani da ya kama mutane da yawa, har da malamai masu digiri. Sun ɗauka kayan nuna darasi ado ne na makaranta, kamar kofin da aka ciyo a gasar ƙwallo: a goge shi, a adana, a fito da shi ranar da baƙi suka zo. Na yi zaton ke kin tsira daga wannan, sai shekaranjiya.

Kin dawo daga ganin makarantar 'yan matan da aka tura ki, muna cin tuwo, kina ta dariya kika ce, "Baba, ai suna da majigi sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba. Yana cikin kabad a ofishin shugaba. Wai sai in manya sun zo."

Na ce, "To, ke me za ki yi?"

Kika ce, "Ni ina ruwana? Daga zuwana in fara neman makulli, a ce sabuwar malama ta cika rawar kai? In ya lalace a hannuna fa? Zan rubuta musu a allo su kwafe, yadda aka yi mana."

Kin ga na tsame hannuna daga kwano, kika ɗauka na ƙoshi. Ban ƙoshi ba, Ummi. Raina ne ya ɓaci. Nazarin halittu da aikin gona aka tura ki ki koyar. 'Yan matan nan iyayensu sun haƙura da aikin da za su yi musu a gida da gona, sun turo su, ke kuma tun ba ki ga fuskarsu ba kin yanke musu hukuncin kwafa har su gama. Amma rabin fushin nan da kaina nake yi, domin wancan shugaban mai makulli na san shi sarai. Ni ne shi, shekaru masu yawa.

Bari in faro miki daga farko.

Ina yaro a Maska motar majigi ta zo garinmu. Aka kafa sanduna biyu a fili, aka ɗaure farin ƙyalle, bayan magariba kowa ya fito da tabarmarsa. Abin da aka nuna shi ne yadda ake shuka auduga a layi da igiya, wani mutum yana bayani da Hausa ta lasifika. Kakata ba ta sami wuri a gaba ba, ta zauna bayan ƙyallen inda komai ke fitowa a juye, ta kwana uku tana mitar cewa manomin cikin majigi ba shi da tarbiyya, da hagu yake cin abinci. Babana kuwa da damina ta zo ya nemo igiya da turaka biyu, ya shuka audugarsa a layi. Bai taɓa shiga aji ba, sau ɗaya ya kalla, ya ɗauka.

Ni fa? Ni ban ga audugar ba sam. Na juya wa ƙyallen baya ina kallon na'urar, yadda faifan ke juyawa, yadda haske ke fita ta ɗan gilashi. Tun ranar na ƙaunaci ƙarfen, na manta abin da aka kawo shi ya yi. Wannan ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. In kin tsaya gaban na'ura kina jin tana da kwarjini, ki tuna cewa bawa ce. Darajarta tana cikin idon yarinyar da ke kallon bango.

Da na shiga kwalejin horon malamai aka koya mana asalin abin. Wani malaminmu ya fito mana da tsohuwar fitilar nuna hoto, akwatin ƙarfe mai bututun hayaƙi, wadda ake kunna wa fitilar mai a ciki tun kafin lantarki ya yaɗu. Ana zana hoto a jikin ɗan gilashi, a zura shi gaban wutar, sai ya fito a bango ya fi mutum girma. Ya ce mana sunan majigi ma daga sunan wannan fitila muka samo shi. Bayanta aka yi mai zaren fim, wanda ake murɗawa da hannu hoto bayan hoto. Aka yi mai motsi irin wanda na gani a Maska. Aka yi wanda ake ɗora masa buɗaɗɗen littafi ya haska shafin a bango, mai zafi kamar murhu. Aka yi na kan tebur mai madubi a sama, wanda malami ke rubutu a kan leda mai haske garai-garai yana fuskantar yara. A rayuwar aikina na ga zuwan talabijin da kaset na bidiyo, na ga kwamfuta, yanzu ga irin naku da ake jona wa waya. Kowanne in ya zo sai a yi taro, a yanka ƙyalle, a yi jawabi cewa daga yau an gama da jahilci. Sannan a ɗauke shi a kai ofishin shugaba. Na zagaya makarantun yankin nan da dama, kuma in kin buɗe sitonsu za ki ga tarihin nan duka a jere, kowane zamani a kan na bayansa, ƙura ta rufe su, yawancinsu ba aiki ne ya kashe su ba. Wa ya yi wannan ɓarna? Mu ne. Mu masu takardar shaida.

Aikina na farko a Ƙarfi ne, makarantar firamare, ba lantarki, allonmu da gawayi da ɗanyen ganye muke baƙanta shi. Na zo da zafin kwaleji. Na sayi babban kwali da tawada kala uku, na yi mako guda ina zana zuciyar ɗan Adam, jijiya ja, jijiya shuɗiya, kowane suna da ɗan kibiyarsa. Da na gama sai na ji tsoron hannun yara, masu zuwa da maiƙon ƙuli-ƙuli a yatsu. Na taka tebur na kafe shi can sama kusa da rufi.

Hedimastanmu, Malam Isuhu, dattijo ne da bai kai ni takardu ba. Ya shigo ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam Abdu, wannan jemagu ka yi wa?"

Yara suka kwashe da dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, don kada su ɓata ne."

Ya ce, "Zo nan." Ya kai ni bencin ƙarshe, ya ce in zauna, in rage tsawo kamar ɗan aji huɗu. "Me kake gani?"

Na ce, "Ja da shuɗi."

"Karanta min suna ɗaya."

Na kasa. Ni da na rubuta da hannuna.

Ranar kasuwa ya aika wurin mahauta aka kawo zuciyar akuya a ganye. Ya tsaga ta da wuƙa a gaban yara, kowa ya zura ɗan yatsa cikin ɗakunanta, 'yan mata suna ihu suna ƙara matsowa. Shi ne kuma ya gina taswirar tudu da kwari da laka a tsakar makaranta, ya tsiyaya ruwa daga buta, yara suka ga da idonsu dalilin da ya sa rafi ba ya hawa tudu. Ba shi da na'ura ko ɗaya. Na ji kunya, na sauko da kwalina, yara suka taɓa shi har ya yage kafin ƙarshen zango, kuma wannan ajin ba wanda ya faɗi tambayar zuciya.

Don haka kafin ki fara kowane darasi, ki je bencin ƙarshe ki zauna ki dubi abin da kika sa a gaba. In ba ki gani ba, su ma ba sa gani, kuma ba za su faɗa miki ba, don an koya musu cewa yin shiru shi ne ladabi. Kayan koyarwa da ya kai ƙarshen shekara tsaf ba tabo, ki tuhume shi.

Za ki ce ai na koyi darasi daga nan. Ban koya ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Bayan shekaru na ƙaro karatu, aka ba ni shugabancin wata ƙaramar sakandare a gefen Funtua. Muna da lantarki, ko da yake yana zuwa yana tafiya. Wata rana mota ta sauke mana majigi biyu: na kan tebur mai madubi, da wani mai ƙananan hotuna da aka ɗaure cikin firam na kwali, tare da akwatunan hotunan guda shida. Aka ba ni takarda na sa hannu cewa suna hannuna. Wanda ya kawo ya ce, "Ƙwan fitilar nan ba a samunsa a nan kusa, ka kula." Wannan jimla ɗaya ita ta mallake ni. Na sa kafinta ya yi kabad, na sayo kwaɗo, mahaifiyarki ta ɗinka musu riga da ragowar atamfa. Makullin yana aljihuna har masallaci.

Akwai wata malamar kimiyya, Malama Rakiya, a lokacin shekarunta kamar naki na yanzu, sabuwar fitowa. Ta zo ofis ta yi sallama ta ce, "Ranka ya daɗe, ina so in nuna wa 'yan aji biyu hotunan ƙwarin gona."

Na ce, "Ki bari sai an daidaita."

Bayan mako biyu ta dawo. Na ce wuta ba ta da tabbas. Ta sake dawowa na uku, ranar da wuta ta wuni, fanka tana juyawa a kanmu. Na ce mata, "Malama, in ƙwan ya mutu, ke za ki je Kaduna ki nemo?"

Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Allah ya huci zuciyarka." Ta fita. Ba ta ƙara tambaya ba har aka yi mata canji.

Ki ji wannan da kyau, domin ba wanda zai faɗa miki sai wanda ya riƙe makulli. Ba mugunta ce ta hana ni ba, tsoro ne, da kuma wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ban iya kunna su ba. A kwaleji daga nesa aka nuna mana. Ina jin kunyar yarinya ƙarama ta gane shugabanta bai san inda ake dannawa ba. A zuwanta na uku hannuna yana cikin aljihu a kan makullin. Da ta dawo na huɗu, wallahi da na ba ta. Na yi shekaru ina jin haushinta da ba ta dawo ba, alhali laifin nawa ne ɗungurungum. Amma ke da kika ce ba za ki tambaya ko sau ɗaya ba, me zan ce miki?

Sau ɗaya tak na fito da mai ƙananan hotunan, ranar da sufeto zai zo. Na sa aka toshe tagogi da buhunan taki don ɗakin ya yi duhu, aka cusa aji biyu a ɗaki ɗaya cikin zafin bazara. Na ɗauko akwatin da hannuna ya fara kaiwa, ban duba abin da ke ciki ba. Hoton farko ya fito ƙafa a sama, don ban san a kife ake zura su ba. Yara suka karkata wuya gaba ɗaya. Da na gyara, sai ga gonar alkama ta wata ƙasa mai ƙanƙara, da wata babbar mota tana girbi. 'Ya'yan manoman masara da auduga, suna zufa, suna kallon abin da ni kaina ban san sunansa ba. Na juya musu ƙeya ina magana da bango. Wata yarinya ta fara jiri aka fitar da ita. Sufeto ya gyaɗa kai, ya rubuta a littafin baƙi cewa makaranta tana da kayan aiki na zamani kuma ana kula da su sosai. Na yi mako ina nuna wa mutane shafin. Kin ji irin wautar da mutum mai ilimi zai iya yi? Ba wanda ya tambayi yaran abin da suka gane. Shi sufeton ma bai tambaya ba, kuma har gobe in na tuna shi sai na ji kamar in neme shi in tambaye shi me aka turo shi dubawa.

Kada ki taɓa kunna na'ura a gaban aji sai kin kunna ta ke kaɗai, kin yi kuskurenki ba mai kallo. Kada ki nuna hoton da ba ki riga kin kalla kin san dalilin nuna shi ba. Kuma duk darasin da kika shirya don baƙo, ba don yara ba, ki sani ƙarya kika shirya.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa ƙarasa tuwona.

Shekarata ta ƙarshe a wannan makaranta, na je Malumfashi gaisuwar rasuwa. A tasha wani magidanci ya durƙusa ya gaishe ni. Lawal ne, ɗaya daga cikin 'yan aji biyun da Malama Rakiya ta so ta nuna wa hotuna. Bai ci gaba da karatu ba, ya koma gonar mahaifinsa, yana da mata da 'ya'ya biyu. Na tambaye shi damina. Ya ce, "Malam, bana sai godiya. Tsutsa ta shiga masarar, ta huda kara ta cinye zuciyar. Abin da na girba ba zai kai mu rani ba."

Na yi masa jaje. Sai ya yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba, ya ce, "Malam, ka san abin haushin? Na ci tambayar nan a jarrabawa." Ya tsaya tsakiyar tasha, hannu a baya kamar ɗan aji, ya jero min matakan rayuwar ƙwaro guda huɗu da Turanci, daga ƙwai har zuwa mai fiffike, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Wani mai sayar da rake har ya tafa masa.

Ya ce, "Sai da malamin gona ya zo, bayan aikin gama ya gama, ya juya min ganye ya nuna min wasu 'yan ɗigo-ɗigo a manne. Ya ce ga ƙwan nan, da a wannan lokacin ka yi magani da ka tsira. Malam, kullum ina ganinsu! Na ɗauka datti ne. Shi kuma ɗan malam-buɗe-littafin nan mai launin ƙasa da ke tashi in na ratsa gona, ashe shi ne uwar. Ni ban taɓa haɗa abin da na haddace da abin da ke gonata ba. Na ɗauka na littafi daban ne, na ƙasar Turawa."

Bai zarge ni ba. Har rake ya saya min. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Washegari na buɗe kabad. Na ɗaga rigar atamfa, sai ga zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin gilashin. Na ɗauki majigin biyu a bayan mashin na kai wa Sunday mai gyaran rediyo. Kin san shi, iyayensa daga kudu suka zo amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya kwance mai ƙananan hotunan, ya hura, ya leƙa, ya ce, "Malam, shekara nawa kuna aiki da wannan?"

Na ce, "An ɗan jima."

Ya ce, "Haba Malam, ni za ka yi wa? Ƙwan nan ko awa ɗaya bai ci ba, ga shi fari tas. Ƙwan lafiyarsa lau. Fankar ciki ce ta yi tsatsa ta kafe, danshi ya ci madubin, ɓera ya gwada wayar. Wannan ba aiki ya kashe shi ba, zaman banza ne. Da kun ba ni aro ina nuna wa yaran unguwa, da yanzu yana nan da ransa."

Ƙwan da na yi shekaru ina gadi shi kaɗai ya rage da rai.

Na koma ofis na buɗe akwatunan hotunan, wanda ban taɓa yi ba, ina ɗaga su ɗaya-ɗaya a hasken taga. A akwati na huɗu na same su. Ganyen masara an juya shi, hannun wani manomi baƙi kamar ni yana riƙe da shi, ga ƙwan nan a manne, an ƙara musu girma har ana iya ƙirgawa. Na gaba tsutsar a cikin tsagaggen kara. Na gaba uwar, mai launin ƙasa. Taku goma ne tsakanin wannan akwati da bencin da Lawal ya zauna shekara uku. Kuma da na tuna Malam Isuhu sai abin ya ƙara yi min ciwo, don ko ba majigi, gonar masara tana jingine da katangar makarantar. Kara ɗaya da wuƙa sun isa. Ban yi ko wannan ba, don a raina darasin ƙwari yana cikin kabad, sai ranar da aka daidaita.

To, a cikin 'yan matan da za ki tarar ranar Litinin akwai masu gonar da za ta ciyar da gida nan gaba, akwai masu renon yara, akwai wadda za ta so ta zama ma'aikaciyar jinya. Za su haddace duk abin da kika rubuta, ba su da ƙiwa. Za su ci jarrabawa, a yaba miki. Ranar da abin ya zo gabansu da ƙafarsa, a ganye ko a jikin jariri, ba za su gane shi ba. Kuma ba za su zarge ki ba, za su durƙusa su gaishe ki a tasha.

Kada kuma ki fahimce ni a karkace, ki ɗauka da an kunna majigi an gama. Bara wani tsohon ɗalibina ya gayyace ni makarantar kuɗi da yake koyarwa a cikin gari, yana alfahari kowane aji da majiginsa. Na shiga na zauna. Me ya haska a bango? Rubutu. Shafi bayan shafi na rubutu, shi yana zaune yana danna kwamfuta, yara suna kwafa daga bango maimakon allo. Na fito na ce masa, "Wannan alli ne mai shan lantarki." Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba. In kin samu majigin, hoto ɗaya ya isa rabin darasi. Ki haska shi, ki yi shiru, ki fuskanci yaran, ki ce, "Me kuka gani?" Ki jure shirun. Wata za ta ce, "Malama, akwai irinsa a gonarmu." Daga nan darasi ya fara, sunan Turanci ya biyo baya.

Kuma ke kina da abin da mu ba mu samu ba. A zamanina hoto sai wanda aka aiko, in alkamar ƙanƙara aka aiko ita za ka nuna. Ke wayar da ke hannunki, wadda kike ɗaukar hoton lallenki da ita, tana iya aikin da a da sai an turo mota da direba da mai lasifika. Ki shiga kasuwar Musawa ranar da take ci, ki ɗauki kaska a kunnen saniya, ki ɗauki zangarniyar dawa da ta yi baƙi, ki ɗauki ƙwaron da ke cikin wake. Ki haska musu abin gidansu ya cika bango. Kin ce min akwai sola a ɗakin kwamfuta, don haka kada ki kawo min zancen wuta.

Game da shugaban naku, ga yadda za ki yi, daga bakin wanda ya san ciwon. Kada ki tambaye shi a gaban malamai, zai ƙi don kare girmansa. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi yadda ya kamata. Kada ki ce masa kin iya. Ki ce, "Ranka ya daɗe, ina so mu buɗe shi tare a nan ofis mu ga ko yana aiki, kada ranar da manya suka zo ya ba mu kunya." Wannan tsoron ya fi tsoron lalacewa ƙarfi a zuciyarsa, na sani. Ki bar shi ya danna da hannunsa. Ki ce za ki sa hannu duk ranar da kika ɗauka da ranar da kika mayar. Ki gayyace shi darasin farko, ki ba shi kujera a gaba. In ya ce sai an daidaita, ki ce to, ki dawo bayan mako. In ya ce wuta, ki dawo. In ya yi miki gatse a na uku, ki ba shi haƙuri, ki dawo na huɗu. Za a ce kin cika rawar kai. A ce mana! In ya lalace a hannunki kina koyarwa, ki kira ni, ni zan zo Musawa in tsaya gaban duk wanda zai yi tambaya. Kafin makullin ya fito kuwa, kada ki shiga aji hannu rabbana: ganye, kara, ƙashi, ƙasa a gwangwani, duk abin da darasin ya kira.

Na san za ki ce Baba ya tsufa, ya cika ɗaukar abu da zafi. Kada ki yarda da ni don ni ne ubanki. Kin ce aji biyu za ki riƙe masu darasi iri ɗaya. Ki gwada da kanki. Ɗaya ki rubuta musu a allo su kwafe, yadda kika ce. Ɗayan ki nuna musu. Bayan mako ki shigo da ganye na gaske a hannu, kada ki ce komai, ki ajiye a tebur a kowane aji ki ce su faɗa miki abin da ke jikinsa. In ba ki ga bambanci ba, ki yaga wannan takarda, ni kuma zan ba ki haƙuri a gaban mahaifiyarki. In kin gani, ki koma wa ajin farko ki biya su abin da kika hana su.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya sa ki gama da aikin nan lafiya, ya sa yaran da za su ratsa hannunki su yi miki addu'a da gaskiya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki yajin yana cikin robar da ke ƙasan jaka, kada ki bari ya zube a kan littattafai.

Roƙo ɗaya gare ni. Ranar da kika kunna shi a aji, kafin hoton farko ya fito, ki kira ni ki ajiye wayar a kan tebur. Ba sai kin yi min magana ba. An ce akwai wata 'yar ƙara da yara ke yi gaba ɗaya in abu ya bayyana a bango suka gane shi. Na yi shekara talatin da biyar ina aikin koyarwa, majigi biyu suna hannuna, ban taɓa jin ta ba. Ina so in ji.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Abdu